Tambarin da ke Gindin Harsashi

Hantsi bai gama dubawa ba aka kira Sufeto Joda a waya: an tsinci gawar Ja'afaru, shugaban 'yan bangan Kagarawal, a gonarsa ta bayan gari. Harbi ɗaya ne a ƙirji.

Saja Gilbert, wanda suke aiki tare, shi ya hango jan kwanson harsashi tsakanin kunyoyin gyaɗa. Joda ya ɗauka da hankici, ya kanga madubin ƙara girma a gindinsa. Sai ya ji wani daɗi da bai kamaci mutumin da ke tsaye a kan gawa ba.

Dalili kuwa, a wani kwas da ya je bara ya ji labarin wuraren da doka ta tilasta a zana wa ƙananan bindigogi tambari ƙanƙane, yadda kowane kwanso zai faɗi bindigar da ta harba shi. Da ya dawo ya hana baturen 'yan sandansu sakat, har aka sa maƙeri ya yi wa allurar kowace bindigar 'yan banga, wato ƙarfen da ke bugun gindin harsashi, alama tata daban. Aka yi gwajin harbi, 'yan sanda suka ajiye kwanso ɗai-ɗai. Abokan aiki suka yi ta masa dariya, har da kiransa Furofesa. Yau ga ranar wanka.

Alamar ta Madu ce, wani ɗan gudun hijira daga Borno da ya shiga banga shekarun baya. Kafin azahar yana tsare a bayan kanta.

"Ina bindigarka ta kwana?"

"A ɗakina, ranka ya daɗe."

"Lafiyarta ƙalau?"

Madu ya sunkuyar da kai. "Ƙalau."

"To ta yi magana. Ta ce kai ka kashe Ja'afaru."

"Wallahi shi ya tsaya mini na samu ɗakin da nake ciki. Yaya zan kashe shi?"

Baturen 'yan sanda ya ce Litinin a kai shi kotu da tuhumar kisan kai. Kowa ya san inda irin wannan tuhumar take ƙarewa.

Joda ya je rumfar 'yan banga neman shaida. Mataimakin marigayin, wani dattijo Abdulrasheed, ya tarbe shi yana share hawaye.

"Bappa, akwai wata jiƙaƙƙa tsakanin Madu da marigayi?"

"Ai kullum cikin cacar baki suke. Na sha gaya masa, baƙo sai a hankali."

"Kai yaushe rabonka da harbi?"

"Ni? Tun ranar gwajin nan naku ban taɓa kunama ba."

Magana ta yi daidai. Sai Gilbert ya zo ya dagula ta. Ya kwance bindigar Madu a kan tebur, ya nuna allurar. A karye take, bakin karayar har ya yi tsatsa.

"Oga, wannan ko ɓera ba ta kashewa. Ta daɗe a haka."

Aka sake fito da Madu, ya amsa cewa ƙarya ya yi. Tun farkon damina ta karye, ya ɓoye don kada a sallame shi daga banga, ya ci gaba da rataya ta yana sintiri kamar mai riƙe da sanda.

Nan kan Joda ya ɗaure tamau. Bindigar da ba ta harbi ta yi harbi? Ya gwada kwanson da na ajiya, alama ɗaya ce. Ya je wa maƙeri ko ya maimaita alama, maƙeri ya rantse bai yi ba. Ya dawo ya kwana biyu yana sake dubawa har idonsa ya yi ruwa. Ko tsatsar ce ta ƙarya? Ko shi ne bai iya duba ba? Ya shiga ofis ya fita ba tare da ya san abin da ya shiga nema ba. Abin da ya fi ci masa rai, in Madu ya tafi a banza, dabararsa ce ta kai shi.

"Oga, wani abu kuma," in ji Gilbert. "Irin bindigar nan ba ta tofar da kwanso. Sai ka karya ta ka zare da hannu. Wa zai kashe mutum ya tsaya yana zare mana shaida?"

Joda ya ɗauki kwanson don ya ji ko da sauran warin albarushi. Ya kai hanci ya ja numfashi. Atishawa ta ƙwace masa, ta sake ƙwacewa, har hularsa ta faɗi.

Garin taba ne. Madu kuwa ko goro ba ya ci.

Da la'asar Joda ya koma rumfar, ya zauna kamar mai ta'aziyya. Can ya ce mura ta toshe masa hanci, ko akwai mai ɗan gari? Dattawa suka yi dariya, kowa ya laluba aljihu. Ashe tun ranar gwaji suka yi wawar ragowar kwansunan da suka zube, suka toshe bakinsu da ɓargon kara suka mai da su battar taba. Duk jajaye ne, sun koɗe don shan hannu.

Na Abdulrasheed kore ne, sabo fil.

"Bappa, naka ya fi na kowa kyau. A ina ka samu?"

"Tsinta na yi."

"Kai Rashidu, ina jan naka?" in ji wani tsoho. "Ai koren harsashi makon jiya marigayi ya raba mana, ba wanda ya harba tukuna."

Joda ya karɓa, ya juya gindin, ya ciro madubinsa. Wannan karon bai ji daɗin komai ba.

"Alamarka ce, Bappa. Ka ce ba ka taɓa kunama ba."

Abdulrasheed ya dubi koren kwanson.

"Ni na kafa rumfar nan da marigayi," ya ce. "Sai ya ce na tsufa, Madu zai ba wa kujerata. Ɗan jiya, wanda ko unguwar bai gama sani ba! Jan kwanson na Madu ne, na sani, don a gabana ya zare shi ranar gwaji. Na zazzage tabar na yar a gonar."

"Shi kuma wannan me ya hana ka jefa a masai?"

"Kwanso mai kyau haka? Ina zan zuba tabata?"

Gilbert ya sa masa ankwa, ya kai shi mota.

Washegari da safe Joda ya buɗe wa Madu da hannunsa, ya ba shi haƙuri, ya ce direba zai kai shi gida. Madu ya dubi motar, ya girgiza kai.

"Ranka ya daɗe, matata ta zo jiya. An daina sayen ƙosanta, an jefi ƙofarmu, yarana sun kasa zuwa makaranta. Na taɓa barin gari sau ɗaya, ba ni da wani da zan koma. In mota ta sauke ni, cewa za a yi beli aka ba ni."

"To me kake so?"

"Ka taka da ni. Ta cikin kasuwa."

Joda ya gyara hularsa, ya kama hannun Madu. Suka fita a ƙasa, yana tsayawa a kowace rumfa yana faɗa da bakinsa cewa shi ne ya yi kuskure.