Ta Ƙafa Ake Tashin Soja

Tambulan ne ya fara fashewa, sannan bayan Auta ya bugi ƙasa.

Yatsu biyar sun shaƙe mata wuya, gwiwa ta danne ƙirjinta. Fuskar da take gani a samanta ta Kofur ce, wanda saura kaɗan a sa ranar aurensu, amma idanun ba nasa ba ne.

"So... sojana... ni ce..."

Laifinta ɗaya: ta kawo masa ruwa falon Baba da rana tsaka, ta tarar barci ya sace shi a kujera, ta dafa kafaɗarsa.

Ya sake ta kamar wanda ya taɓa wuta. Kafin ya buɗe baki Yaya ya faɗo falon, ya ga ƙanwarsa tana tari cikin fasassun gilashi, ya ɗauke shi da naushi. Ya ƙara, ya kuma ƙarawa. Kofur bai ko kare fuskarsa ba.

"Yaya ka bari! Wallahi ba ya cikin hayyacinsa!"

"Ke rufe min baki! Tun ba a kai ki ba ya fara shaƙe ki?"

Mama na tsaye bakin ƙofa. Wuyan 'yarta kawai take kallo.

Da Kofur ya dawo ba da haƙuri, leɓe a kumbure, a dakalin ƙofar gida ya zauna nesa da ita, ya soke hannuwansa tsakanin gwiwoyi.

"Autata, zan ajiye aikin nan. Wa'adina ya cika, ba zan sabunta ba."

"Kai da kake son kakinka kamar ranka?"

"A da ke nan. An tura mu daji da harsashin da bai isa ba, muka yi ta kiran agaji, shiru. A cinyata abokina ya cika, ina danne masa ciki da hannun nan. Da muka dawo Kyaftin aka liƙa wa lambar yabo, matar abokina kuwa aka ce ta kwashe kayanta daga bariki. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi... Yanzu ga shi na kawo dajin har wuyanki."

Ta fashe da kuka. Tsoronsa take ji, sonsa take yi, ta rasa wanne ya fi ciwo.

Sai dai fa akwai Baba. Tsohon saje ne, irin waɗanda ko kasuwa za su sai sun yi tafiyar fareti. Shaƙar bai ɗauke ta bakin komai ba. Ajiye kaki ne abin kunya a wurinsa. Kyaftin kuwa, shugaban Kofur, ya daɗe yana zarya gidan da sunan gaida tsohon soja, alhali idonsa na kan Auta. Shi ya riga kowa kai labarin, har da ƙarin gishiri: wai tsoro ne ya kama yaron.

Ranar da Baba ya kira Kofur, Kyaftin na hakimce a falon, ƙafa ɗaya kan ɗaya.

"Da gaske za ka tuɓe kaki?"

"Da gaske ne, Baba."

"To ni ba na ba matsoraci 'yata!"

Kofur ya dubi Kyaftin. "Ranka ya daɗe, gaya masa wanda ya kashe rediyo muna kiran agaji."

Tas!

Kyaftin ya sharara masa mari, ya bi da wani. Kofur ya ƙame, hannuwa a gefe, jini na bin haɓarsa, don ƙaramin soja ba ya ɗaga wa na gaba da shi hannu, ko a falon surukinsa ne. Auta ta kurma ihu ta shiga tsakani, mari na uku ya sauka a kunnenta.

Kofur ya dunƙule hannu. Ta ruƙunƙume hannun iya ƙarfinta.

"Kar ka ba shi abin da yake nema, masoyi! Ɗaure ka za su yi!"

A nan Mama ta shigo da doguwar sandar nan da ke jingine bayan ƙofar ɗakinta tun Auta ba ta yi wayo ba. Ta maka wa Kyaftin a gadon baya, ta ƙara masa a ƙwauri. Ita dai ba ta da kaki, balle a gurfanar da ita. Ya fita yana ɗingishi, hula a hannu.

Sannan ta jefa sandar gaban Baba.

"Gaya musu aikin sandar nan, Saje."

Baba ya kawar da kai gefe.

"To ni zan faɗa. Da ita nake tashinka daga barci, ta tafin ƙafa, daga nesa, tun ranar da ka karya min wannan." Ta ɗaga yatsanta da ya warke a karkace, wanda Auta ta taso tana jin wai ƙofa ce ta datse shi. "Ka zauna cikin kaki har ka tsufa, ni na san abin da na gani. Yaro yana so ya fita da sauran hankalinsa, kana ce masa matsoraci? 'Yata ba za ta gaji sandata ba!"

Baba ya daɗe yana kallon yatsan. Sannan ya sunkuyar da kai.

"Ka turo manyanka," ya ce wa Kofur.

Kofur ya miƙa kaki, ya koma gyaran mota, yana zuwa ganin likita ba fashi. Bayan biki Auta ta jima tana tashinsa da kira daga bakin ƙofa, abin na ci mata rai.

Wata la'asar ta same shi yana barci a kujera, hannu duk baƙin mai. Ta tsaya a kansa, kofin ruwa a hannu. Ta yi bismillah, ta dafa kafaɗarsa.

Jikinsa ya zabura. Hannunsa ya taso da sauri... ya sauka a kan nata, ya riƙe.

"Autata," ya ce ido a rufe, "ruwa kika kawo min?"

"A kofin roba," ta ce, tana dariya hawaye na zuba.