Ƙanƙarar da Ticha Ke Saye

Ranar da Auta ta fara ganinsa, tana tsaron shagon ƙanƙarar babanta. Ya shigo da ƙurar alli a hannun riga, ya sayi ƙanƙara, sannan ya tsaya kallon Auta har ruwa ya fara ɗiga masa a takalmi.

Malamin kemistiri ne, kowa Ticha yake ce masa. Tun daga ranar kullum sai ya zo. Auta ta kamu da sonsa, sai dai ita ko inuwarta sai ta waiwaya ta duba.

Yayarta ta ƙara iza wutar. "Namijin da ba ya sayar da lemo, kullum yana sayen ƙanƙara? Akwai wadda yake sanyaya wa rai."

Baba kuwa nasa zargin daban. "Yaron nan sai tambayata yake yawan gishirin da nake zubawa a tankin injin. Masu sabon shagon can ne suka turo shi. Kar in sake ganinsa a ƙofata."

Auta ta daina ɗaga wayarsa, amma kewarsa ta hana ta sakat. Sai ga saƙonsa:

"Sanyina, ƙanƙara in tana narkewa, duk zafin da aka ba ta, ma'aunin zafi ba ya motsawa daga sifili. Ba ƙin zafin take yi ba, a ciki yake aiki. Zan jira."

Ta taɓe baki. Ko mata nawa ya tura wa wannan? Ta rubuta: "Ƙanƙarar da kake saye, wa kake kai wa?"

"Zo ki gan su da idonki. Suna da yawa."

Ta nuna wa Baba, suka tafi tare don a yi ta ta ƙare.

A ɗakin gwaji na makaranta suka same shi, ɗalibai sun kewaye kofunan gilashi cike da ƙanƙara. Yana barbaɗa gishiri yana cewa, "Gishiri na sa ta narke, narkewar kuma na zuƙe zafi. Ku duba, ma'aunin ya sauka ƙasa da sifili."

Baba ya leƙa, ya gyara hula. "Ke nan ba turo ka aka yi ba?"

"Darasi nake haɗawa, Baba."

Auta dai ba ta sauko ba. "To ran Asabar fa? Babu makaranta, amma kana saye."

Ticha ya sunkuyar da kai. "Waccan a baho take narkewa. Ko firij ba ni da shi. Ke nake zuwa gani."

Ɗalibai suka fashe da dariya, ita kuma ta rufe fuska da mayafi.

Ranar ɗaurin aure Baba ya dafa kanta. "Allah ya ba ku zaman lafiya da zuri'a ta gari. Ke kuma, Allah ya rage miki bincike."

Auta ta amsa amin ga addu'ar farko. Ta biyun, Ticha ne ya amsa.