Kujerar Hagu

"Tattara kayanka ka fice min daga gida."

Michiru na tsaye a bakin garejin da tiren shayi a hannu. Mahaifinta, Baba Hanabusa, yana zaune a kujerar direba ta 'yar jar motarsa mai buɗaɗɗen rufi, fuskar nan a murtuke. Tatsuro kuwa, saurayin da ta daɗe tana lallaɓar Baba ya ko amsa gaisuwarsa, yana tsaye a gefe, kai a ƙasa.

"Baba, ka yi haƙuri mana..."

"Zo ki saurara da kunnenki." Ya ƙara murɗa rediyon. "Haka muryar mahaifiyarki take? Tana can gefe kamar wadda aka kora bayan ƙofa?"

Ta matso ta gefen sitiyari ta kasa kunne. Gaskiyar Baba ce. Muryar ta karkata hagu gaba ɗaya, ta bar mai tuƙi da ragowa.

Kazuomi ya yi gyaran murya. Ɗan aminin Baba ne, dillalin manyan motoci a Yokohama, kuma shi ne surukin da Baba ya zaɓa a ransa tun ba yau ba. Ya zo da kankanarsa mai tsada a cikin kwali, kamar kullum, ya tsaya nesa da bango don kada ƙura ta taɓa masa kwat. Cikin ladabin nan nasa mai ƙaiƙayi ya ce shi dai ba ya son shiga aikin wani, amma ko ɗan koyo ya san wajen direba ake saita sauti, direba kuma a ƙasar nan a dama yake zama. Ya ƙara da cewa ya san wani babban shago da zai cire tarkacen nan a sa na gaske.

Tatsuro ya buɗe baki. Ya dubi Kazuomi, ya dubi Baba, sai ya rufe. Ya rusuna sosai.

"Laifina ne, Baba."

Ya ɗauki akwatin kayan aikinsa ya fice, ko waiwayen Michiru bai yi ba.

Motar nan ta girmi Michiru. A cikinta Baba ya yi zawarcin Mama, a cikinta suka riƙa zaga gaɓar tekun Shimoda duk ranar Lahadi, rufi a buɗe. Da Mama ta rasu, abin da ya rage masa na muryarta kaset ɗaya ne, wanda aka ɗauka tana waƙa a bikin unguwa. Gishirin teku da rana suka cinye tsofaffin sifikun rediyon motar har suka ruɓe, Mama ta koma tana waƙa kamar mai mura. Baba ya ce yana son a gyara kafin ziyarar kabarinta da ake yi lokacin kaka. Michiru ta yi ta naci har ya yarda a ba Tatsuro aikin, yana ƙunƙunin cewa bai ga abin kirki a wurin mutumin da ya ajiye aikin ofis ya koma kwanciya a ƙarƙashin sitiyarin mutane ba. Kowa ya san jarrabawa ce, ko da ba a kira ta da sunan ba.

Ranar da suka zaɓi sifikun ba za ta taɓa fita daga ranta ba. Tatsuro ya zaunar da ita a gaban bangon shagonsa da ya jera su iri-iri, ya sa kaset ɗin Mama, sannan ya jawo wata ƙatuwar fanka ya kunna mata a fuska.

"Tatsu, ka haukace ne? Gashina!"

"Haka iska za ta yi wa Baba a hanya, gimbiyata. Duk wadda ba ta yi magana a cikin iska ba, ba tamu ba ce."

Ya bayyana mata cewa irin waɗanda ake rabawa za su saya: manya a cikin ƙofa don kaurin sauti, ƙanana a sama kusa da gilashi don siririn sauti, saboda in aka bar komai a ƙasa wajen ƙafa, iska na kwashewa kafin ya kai kunne. Suka gwada masu bakin ƙarfe, muryar Mama ta fito da kaifi kamar tana faɗa. Suka gwada wasu masu tsadar gaske, ya ce takarda ce cikinsu, damina ɗaya za ta gama da su. Da ya kunna wasu masu bakin siliki, waɗanda manyansu ba sa tsoron ruwa, sai Michiru ta daina gyara gashinta. Mama ce sak, har da 'yar shaƙar numfashin da take yi kafin ta ɗaga murya. Ta yi kuka, fanka na busar mata da hawayen, shi kuma ya riƙe hannunta.

To mutumin da ya yi wannan ne zai kasa bambance dama da hagu?

Washegarin ranar da Baba ya kore shi ta same shi a shago, ranta a ɓace. Ta zazzage masa duk abin da ke cikinta, ta ce ya tsaya kamar gunki an ci masa fuska, ya zubar da wahalarta a banza.

"Kuskure ka yi, ko da gangan ne?"

"Michi... maganar ba tawa ba ce da zan faɗa."

"Ko ni?"

"Ko ke, abar ƙaunata. Alfarma ɗaya nake nema. Kada ki bari a cire sifikun kafin ranar ziyara."

Ta fito tana jin haushinsa, tana kuma jin tsoron rasa shi, ta rasa wanne ya fi ci mata rai.

Kazuomi bai yi sanya ba. Kullum sai ya bugo wa Baba waya, yau ya ce ya samo gurbi a babban shagon, gobe ya ce ya ji ana cewa yaron nan kayan araha yake liƙa wa tsofaffi. Michiru ta tsaya kai da fata cewa ba mai taɓa motar mahaifiyarta sai an dawo daga kabari. Abin mamaki, Baba bai ja ba. Ya ce ai ba gaggawa, ya ci gaba da cin shinkafarsa.

Ranar ziyara gari ya waye tas. Michiru ta sa furanni da guga a bayan kujera, ta naɗe rufin. Baba ya fito cikin baƙar kwat ɗinsa, ya tsaya a gaban ƙofar direba, ya daɗe yana shafa ta. Can sai ya miƙo mata makulli.

"Ke za ki ja."

"Ni, Baba? Ai ko wanke ta ba ka bari in yi."

Bai dube ta ba. A hankali ya gaya mata cewa tun bazara likita ya ce idanunsa sun fara rufewa ta gefe. Ya je ofishin 'yan sanda da ƙafarsa ya mayar da lasisinsa, kamar yadda tsofaffi ke yi, suka yi masa godiya har da rusunawa, ya dawo gida ya kasa gaya wa kowa. Tun daga lokacin a gareji kawai yake tayar da motar ya zauna.

"Na so in ji muryar mahaifiyarki sau ɗaya a kujerata kafin in tashi daga kai," ya ce. "Shi ya sa raina ya ɓaci."

Sai yanzu ta gane hawan bas ɗin da ya tsira, da cewar da yake yi tafiyar ƙafa na ƙara lafiya. Kunya ta kama ta, ita da ke gida ɗaya da shi ba ta lura ba. Ta zagaya ta buɗe masa ƙofar hagu.

Suka hau titin gaɓa, teku na ƙyalli a gefensu, iska na kaɗa furannin. Baba ya lalubi kaset ɗin ya tura.

Mama ta fara waƙa.

Michiru ta saci kallonsa. Ya miƙe zaune, bakinsa a buɗe, idonsa a kan gilashin gabansa. Iska na ta bugawa, amma muryar ba ta gusa ba, tana nan daidai fuskarsa kamar Mama ta juyo tana rera masa shi kaɗai.

"Michiru... ga ta nan. Ga ta a gabana."

"Na ji, Baba."

"A nan take zama," ya ce, yana shafa gefen kujerar. Hawaye na bin kumatunsa, bai damu ya share ba.

Suka wanke kabarin, suka jera furanni. Baba ya daɗe a durƙushe yana magana ƙasa-ƙasa. Da suka koma mota bai ce gida ba, ya ce ta kai shi wurin yaron nan.

Tatsuro na ganinsu ya fito da sauri yana goge hannu. Baba ya tambaye shi yadda aka yi ya sani. Ya yi ta kame-kame kafin ya ce ranar da ya zo auna tsayin kunnen Baba a kujera, ya ga da yatsa yake laluben ramin makulli, ya kuma ga gizo-gizo ya yi saƙa a jikin taya. Sai ya juya ƙananan sifikun, ya saita komai ya sauka a kujerar hagu.

"Me ya hana ka tambaye ni?"

"Da na sa ka faɗi abin da ba ka shirya faɗa ba, Baba."

"Ranar da na kore ka fa, me ya hana ka faɗa?"

"Akwai baƙo a wurin..."

Sannan wannan tsoho da Michiru ba ta taɓa ganin ya sunkuya wa na ƙasa da shi ba ya haɗa ƙafafunsa, ya rusuna har furfurarsa ta zubo gaba, ya daɗe a haka.

"Na gode, ɗana. Ka rufa min asiri, ka kuma dawo min da matata."

Tatsuro ya ruɗe, ya rusuna fiye da shi, yana roƙon ya ɗago. Michiru na dariya tana kuka, zuciyarta cike da godiyar da ta rasa wa za ta fara yi wa, mahaifin da ya sauke girman kansa ko saurayin da ya yarda a zage shi don kada tsoho ya ji kunya.

Wayar Baba ta yi ƙara a aljihu. Ya miƙa mata ta duba masa, ta ce Kazuomi ne. Ya ce ta gaya masa an gode da kankana, mota kuma ta gyaru.

Ya koma ya zauna a kujerarsa, ya ɗaura bel ɗin kujera, ya gyara kwat.

"Motar nan mutum biyu take ɗauka," ya ce, yana kallon gaba. "Ranar Lahadi kujerar hagu tawa ce. Sauran ranakun, ku kuka sani."

Michiru ta rufe fuska da tafin hannu. Tatsuro ya matso ya raɗa mata cewa zai iya ƙara ɗan maɓallin da zai riƙa dawo da sautin wajen direba, don ita ma ta ji Mama sosai.

Ashe kunnen tsohon garau yake.

"Bayan biki," in ji Baba. "Yanzu a bar min ita a nan."