Ɗigon Jar Tawada a Littafin Baba

"Ina sunan mahaifinka, Halliru?"

Na tura masa littafin a kan tabarmar zaurenmu. Ko gaisuwarsa ban amsa ba.

Ya dubi shafin, ya ɗago ya dube ni.

"Laila..."

"Kar ka ce min Laila! Fam goma sha takwas Baba yake bin marigayi Malam Sama'ilu, ga shi nan ƙuru-ƙuru a tsohon littafi. A sabon da ka rubuta kuwa babu shi a shafin mutanen Roni. Ina ya shiga?"

Shekarar da aka canza kuɗi ce, aka bar fam da sule aka koma naira da kwabo. Mahaifina Baba Kura yana da kanti a bakin kasuwar Kazaure, atamfa da gishiri da kananzir, kuma rabin manoman Roni da Gwiwa a wurinsa suke ɗaukar kaya bashi sai kaka. Duk a ajami yake rubutawa, shekara ashirin. Da zai tafi aikin Hajji ya kira Halliru, akawun wani sito na gyaɗa, wanda aka riga aka karɓi kayan sa ranar aurena da shi, ya ce ya kwashe masa lissafin kaf ya mayar sabon littafi da boko, kowane fam naira biyu. Kantin kuma ya bar shi a hannun Yaya Mamuda, ɗan wansa.

Yaya Mamudan ne ya shigo da littattafan biyu da safiyar nan, ya zube su gaban kakata Hajja Kaka.

"Suna bakwai ya cire, Hajja. Naira ɗari da goma sha huɗu ta bi iska! Na farkonsu ubansa. Tun bai shigo gidan ba ke nan."

Shi ya sa na aika aka kira min Halliru.

"Ban ci kwabon Baba ba, Lailatu," ya ce a hankali.

"To me ya sa ka cire su?"

"Ba zan iya faɗa ba."

"Ba za ka iya ba?"

"Na yi alkawari. Ki yi haƙuri Baba ya dawo, sanyin idona, kwana goma sha biyu ne kacal..."

Dariyar takaici ta ƙwace min. Wai alkawari!

"Da wa ka yi alkawarin? Da mutanen garinku?"

Ya miƙe tsaye. Ban taɓa ganin idonsa ya yi ja haka ba.

"Kin karanta littafin duka?"

"Na karanta abin da ya ishe ni."

"To shi ke nan."

Ya saka takalmansa, ya ja kekensa ya tafi. Ko waiwaye bai yi ba.

Ni kuwa na koma ɗaki na ci kuka har na gode Allah.

Hajja Kaka ba ta ɓata lokaci ba. Ta sa aka sauko da akwatin kayan sa rana daga kan gado, ta ɗaure shi da igiya.

"Ranar Juma'a za a mayar musu da kayansu. Tun farko na ce ban yarda da mai saka biro a aljihu ba. Mutum ya yi ta murmushi kamar an biya shi!"

"Hajja Kaka, a jira Baba mana."

"A jira shi ya zo ya tarar an sayar da mu? Ke dai kin ga dogon hanci kin rikice. Ga ɗan'uwanki Mamuda, me ya rasa?"

Me ya rasa? Bara ya nemi aurena na ce ba na so, tun daga nan yake gaishe ni da haƙora. Yanzu ga shi kullum da tsarabar tsire, yana zama kusa da Hajja Kaka yana girgiza kai, wai shi tausayina yake ji.

Kwana uku ban iya cin abincin kirki ba. In na tuna yadda Halliru yake ƙirga canjin mai ƙosai ya mayar mata da abin da ya yi sama, sai in ce ƙarya ne, ba zai yi ba. In na tuna shafin Roni, sai zuciyata ta ce min da ma kantin yake so, ke tsani ce kawai. Har irin kallon da yake yi wa kantocin atamfa na dinga tunowa ina fassarawa. Zargi mugun abu ne, wallahi.

Ranar Alhamis da hantsi wata mata ta yi sallama, da tunkiya a igiya. Ƙafarta fututu, daga gani tafiyar ƙasa ta sha. Ta durƙusa gaban Hajja Kaka.

"Sunana Saude, daga Gwiwa. Matar marigayi Hussaini mai yankan farce. Hajiya, ku taimake ni ku karɓi tunkiyar nan a madadin sauran. Ita ke nan gare ni."

"Sauran me, baiwar Allah?"

"Bashin maigidana. Malam Mamuda ya ce in ban cika ba kafin Alhaji ya dawo, sai gaban alƙali. Na ba shi fam biyu da damina, na ba shi ɗaya da kaka."

Ta share ido da bakin mayafi.

"Ni abin da ya ɗaure min kai, da Alhaji ya zo mana ta'aziyya, ya kira ni gefe ya ce babu komai tsakaninmu, kar in gaya wa kowa. Amma Malam Mamuda ya zo da littafi ya nuna min, ya ce sunan yana nan ba a soke ba."

Hussaini na Gwiwa yana cikin bakwai ɗin nan.

Na ruga ɗaki na ɗauko tsohon littafin. Baba ne ya koya min ajami da kansa, don haka ban sha wuya ba. Ga sunan, ba a soke shi ba kam. Amma a gefensa akwai ɗan ɗigon jar tawada, bai fi ƙwayar gero ba.

Na nemo na biyu. Ɗigo.

Na uku. Ɗigo.

Duka bakwai, har da Malam Sama'ilu.

Sai na zauna daɓas a ƙasa. Ni ce fa mai haɗa wa Baba tawada tun ina 'yar shekara tara. Baƙa kullum, ja kuwa sai jefi-jefi. Kuma yanzu na tuna, bai taɓa cewa "Lailatu, kawo min ja" ba sai ranar da ya dawo daga gidan rasuwa, tun bai cire rawani ba. Ashe yafewa yake yi. Ba ya soke suna don kar mai leƙa littafi ya gane ya yi ta yaɗawa, tsakaninsa da Ubangijinsa yake so.

Kin karanta littafin duka?

Tambayar Halliru ce ta dawo min. Na jawo sabon littafin, na wuce Roni, na wuce Gwiwa, na zo shafin mazauna Kazaure. A layin ƙarshe, da kyakkyawan rubutun nan nasa:

Halliru Sama'ilu, gadon bashin mahaifinsa, naira talatin da shida. An biya ɗaya.

An yafe wa ubansa, shi bai yafe wa kansa ba. Ni kuma na kira shi ɓarawo a zauren gidanmu.

Hajja Kaka ta saurare ni tsaf, bakinta a buɗe. Ta sa aka kira Yaya Mamuda daga kanti. Yana shigowa ya ga Saude da tunkiya, sai ya tsaya turus.

"Mamuda, fam ukun matar nan, a wane littafi ka rubuta?"

"Hajja, ai... da ma ina ajiye wa Baba ne..."

"Gidan marayu nawa ka bi?"

Ya sunkuyar da kai.

"Shi ya sa sabon littafi ya tsone maka ido, ko? Ajiye makullin kantin a nan. Ke Saude, ja tunkiyarki, kuɗinki ma yau zai fito da su."

Ta juyo kaina, ta harare ni.

"Ke kuma 'yar nema, kwance min igiyar akwatin nan. Tsayawa kika yi kina kallona kamar ni na kore shi?"

Ita fa ta ɗaure!

Sau biyu na aika wa Halliru bai zo ba. Na uku na rubuta masa layi ɗaya: na karanta duka. Bayan la'asar na ji ƙarar kekensa.

Na kasa haɗa ido da shi.

"Ka yafe min, Halliru. Na zalunce ka."

"Kin san abin da ya fi ci min rai?" ya ce. "Ba Mamuda ba. Ke da kika san ni."

"Na sani... Wallahi na sani. Me ya sa ba ka nuna min sunanka ba?"

"In na nuna, za ki tambayi sauran shidan. Baba kuma ya riƙe hannuna ya ce ko ke kar in gaya wa."

Hawaye ya ɓalle min. Ya sauke ajiyar zuciya.

"Ya isa haka, Lailata. Kukan nan ya fi zagin ciwo."

Baba ya dawo da haƙorin Makka da tsarabar dabino. Da ya ji labari sai ya ce Mamuda ya bi gidajen nan ɗaya bayan ɗaya da ƙafarsa ya mayar da abin da ya karɓa. Sannan ya sa na karanta masa layin ƙarshen nan. Ya dubi Halliru da ke durƙushe.

"Kai, wane irin taurin kai ne wannan? Na yafe wa Sama'ilu tun ranar da aka binne shi. Lailatu, kawo min ja."

Ban motsa ba.

"Ba ki ji ba ne?"

"Baba, ka yi haƙuri. Ja ta waɗanda suka rasu ce. Ni ba zan haɗa ta don sunansa ba."

Baba ya dube ni, ya dubi Halliru, ya yi dariya har rawaninsa ya karkace.

"To ya biya! Naira ɗaya duk wata, ke za ki dinga rubutawa."

Bayan sati uku aka ɗaura mana aure. Duk ƙarshen wata sai ya miƙo min nairarsa, in jawo kwalbar baƙar tawada in rubuta, ina roƙon Allah a zuciyata kar ya nuna min ranar da zan buɗe ɗayar.