Wankan da Ya Kashe Sarƙar Keke

An yi wata yarinya 'yar aji shida mai tsabtar tsiya. Ko ƙuda ya sauka a kan littafinta, sai ta bi wurin da tsumma. A gida Tsaf-tsaf ake ce mata.

Babanta ma'aikacin gidan waya ne. Shekara goma sha takwas ya yi yana raba wasiƙu a kan keke ɗaya. Da aka mayar da shi aikin ofis, sai ya turo keken tsakar gida, ya kira ta.

"Makarantarku da nisa," in ji shi. "Ga keke, na ba ki gwajin wata uku. In kin riƙe shi da kyau, ya zama naki. In kin lalata shi, na Auta ne."

Auta ƙaninta ne. Yana tsaye a gefe yana haɗiyar yawu.

Baba ya tsuguna ya fara bayani. Ga yadda ake duba iskar taya. Ga yadda ake gwada birki. Ya nuna sarƙa, ya ce, "Ita kuma wannan, ki saurara da kyau."

Tsaf-tsaf kuwa hankalinta na kan fentin da ya ɓare da sirdin da ya koɗe. Tsohon abu sai ka ce kakan kekuna!

"Na ji, Baba, na ji," ta ce.

Ba ta ji komai ba.

Keken dai yana gudu, wannan ba a musu. Amma sarƙarsa baƙa ce wuluk, mai ya yi mata dumu-dumu. Ranar farko ta shafa wa farar safarta baƙi. Rana ta biyu ma haka. A ta uku Malama ta tsayar da ita a bakin aji.

"Ke da nake kafa misali da ke? Wannan safa ce ko tsumman makanike?"

'Yan aji suka tuntsire da dariya. Tsaf-tsaf ta ji kamar ƙasa ta tsage ta shige.

Tana isowa gida ta jefar da jaka. Ta ɗebo ruwan zafi a bokiti, ta zuba garin sabulu, ta ɗauko tsohon buroshin haƙori. Ta zauna ta dirje sarƙar nan gaɓa-gaɓa, har sai da ta yi fari ƙal kamar sabon cokali. Ta sheƙa mata ruwa, ta jingine keken a bayan ɗaki.

"Yauwa," ta ce. "Shekara goma sha takwas ba wanka, ai dole."

Daga ranar, duk bayan kwana biyu sai ta yi wa sarƙa wanka. Safa ta daina baƙi. Baba yana fita kafin ta fita, yana dawowa bayan ta ajiye keke, don haka bai san wainar da ake toyawa ba.

Bayan mako biyu keken ya fara ƙara. Ƙiii, ƙiii, ƙiii, tun daga ƙofar gida har makaranta.

"Yaya, ɓera kika goyo?" in ji Auta.

"Rufe mini baki!"

"Ni dai a rage mini sauran. Kar a miƙo mini gawa."

Sai tsatsa ta fito, ja-ja a jikin sarƙar. Tsaf-tsaf ta yi tsaki. Wato duk wankan nan bai ishe ta ba? Ta ɗauko soson ƙarfe daga wurin wanke-wanke, ta kankare tsatsar. Washegari tsatsa ta dawo har da 'yan'uwanta. Feda ta yi nauyi. Tafiyar da take yi tana 'yar waƙa, yanzu sai ta isa tana haki.

"Wannan keke ɗan baƙin ciki ne," take cewa. "Ina gyara shi yana ɓata mini rai."

Saura kwana uku wata uku su cika, ta makara. Ta zo hawan tudun da ke gab da makaranta, ta miƙe tsaye a kan feda, ta danna iya ƙarfinta.

Ƙas!

Sarƙa ta tsinke. Ƙafarta ta zame, ita da keke suka zube a gefen hanya. Gwiwa ta goge, littattafai suka watse. Ta tashi tana ɗingishi, ta tsince sarƙar da yatsu biyu kamar mataccen maciji. Ranar sai da aka gama darasin farko ta shiga aji.

Da aka tashi, ta tura keken zuwa rumfar mai gyara da ke bakin kasuwa. Wani dattijo ne mai ɗan guntun gemu, kowa Mai Faci yake ce masa. Yana hango keken ya ajiye famfon da ke hannunsa.

"Kai! Wannan ba keken mai wasiƙu ba ne? Wa ya yi masa wannan aika-aika?"

"Tsufa ne," in ji Tsaf-tsaf. "Ya gaji."

"Tsufa?" Mai Faci ya karɓi sarƙar, ya lanƙwasa ta. Ta ƙi lanƙwasuwa, ta tsaya ƙiƙam kamar sanda. Ya shinshina ta. "Ƙanshin sabulu nake ji. Ke, me kika yi mata?"

"Wanke ta nake yi. Da datti."

"Da me kike wankewa?"

"Ruwan zafi da garin sabulu. Wani lokaci da soson ƙarfe."

"Kina gamawa kuma ki sa mata mai?"

"Mai kuma? Ai man nake wankewa."

Mai Faci ya dafe kai da hannu biyu. Ya dubi sama, ya dubi ƙasa, ya dubi yarinya.

"Tukunyar miya ce? Iye? Tukunya aka ba ki? Ƙarfe ne ke gogar ƙarfe a nan, 'yar nan! Man da kike kira datti shi ne abincinta. Kin hana ta abinci, kin bi ta da ruwa, sannan ki ce tsufa!"

Ya jawo ɗan benci da ƙafa. "Zauna. Kuna lissafi a makaranta? Babanki kilomita ashirin yake yi kullum a kan keken nan, kwana shida a mako. Nawa ke nan?"

"Ɗari da ashirin."

"A mako hamsin fa?"

Ta ƙirga da yatsu. "Dubu shida."

"Sau goma sha takwas."

Ta ɗauki tsinke ta yi lissafin a ƙasa. Ta sake yi, don ba ta yarda da abin da ta gani ba. "Dubu ɗari da takwas," ta ce a hankali.

"To kin ji. Da miƙewa ya yi bai juyo ba, da ya zagaye duniya sau biyu har da rabi. Taya ta cinye mu canza. Birki ya cinye mu canza. Sarƙa in tana samun mai, sai ta yi kilomita dubu uku ko fiye kafin ta gaji. Jikin keken kuwa ga shi nan garau, zai iya kai jikokinki makaranta. Wannan sarƙar da hannuna na saka ta sabuwa, ana gobe zai ba ki. Ko ɗari huɗu ba ki yi da ita ba!"

Tsaf-tsaf ta sunkuyar da kai. "Safata take ɓatawa."

"Safa! Ai ɗigo-ɗigo ake sa man, a juya feda, sai a goge na waje da tsumma. Na ciki shi ke aiki. Da kin tambaya, wa zai hana ki sani?"

Ta ɗago kai. Can ta ce, "Baba Mai Faci, don Allah ka gyara, kar Babana ya ji."

"A'a. Shekara goma sha takwas ban ɓoye masa ko ƙusa ɗaya ba. Je ki faɗa da bakinki. Keken yana nan."

Ta iso gida a ƙafa. Baba na zaune a kan tabarma yana cire takalmi. Ta durƙusa, ta faɗi komai, har soson ƙarfen ba ta rage ba.

"Soson ƙarfe," in ji Baba. Ya sake cewa, "Soson ƙarfe! Ba na tsuguna na yi miki bayanin sarƙar nan ba?"

"Ka yi, Baba."

"Me kika ce?"

"Na ce na ji." Hawaye suka zubo mata. "Laifina ne. Yadda ka ce, a ba Auta."

Auta ya daka tsalle har yana ture buta. Baba ya juya ya dube shi.

"Kai kuma yaya za ka riƙe shi?"

"Ni ba ruwana da wanki," in ji Auta. "Birki kawai zan cire, don ya fi gudu."

Baba ya tafa hannu. "Ɗaya ta cire mai, ɗaya zai cire birki! Ni wa na yi wa laifi? Ku bar mini ƙararrawar dai in riƙa tunawa."

Mama na ɗaki, dariyarta kawai ake ji.

Baba ya numfasa, ya ce, "Tunda kin zo da bakinki, na ƙara miki wata ɗaya. Amma ke za ki saka sabuwar sarƙar da hannunki, Mai Faci yana nuna miki. Kafin nan, ƙafa ta kai ki makaranta."

Kwana huɗu ta yi tana zuwa rumfar bayan an tashi. Mai Faci ya yi faɗa, ya yi tsaki, ya kuma koya mata. Ranar da sarƙa ta hau, hannuwanta baƙi ƙirin har gwiwar hannu, amma bakinta ya ƙi rufuwa. Daga nan kowace Asabar sai ta ɗiga mai, ta juya feda, ta goge. Abin da ba ta gane ba, ta tambaya.

Da wata ya cika, Baba ya ɗaga tayar baya, ya juya feda da hannu. Ya kasa kunne. Babu ƙara ko kaɗan.

"Naki ne," ya ce. "Saura ki ƙara masa kilomita dubu ɗari."

"Ni fa?" in ji Auta.

"Kai sai ranar da ka gane amfanin birki."

Tsaf-tsaf ta goya Auta a baya, suka zagaya unguwa yana ta kaɗa ƙararrawa.

Ku ji da kyau, yara. Kulawa ce ke sa abu ya daɗe, kuma kowane abu da irin kulawar da yake so. In ba ku san ta ba, ku saurari wanda ya sani, ku kuma yi tambaya kafin ku sa hannu.