Harsashin da Ya Tsallake Biri

Da hantsi aka kawo wa Sufeto Zulkifli rahoto: an harbe Manu makiyayi a kan tudu, bayan gonar Alhaji Maikuɗi a Basirka. Kafin ya isa, 'yan sintiri sun ɗaure Iliyasu maharbi, sun fasa masa baki.

"Wa ya ce shi ne?" Sufeto ya tambaye su.

"Alhaji ne ya ce."

"Alhaji ya gani da idonsa?"

'Yan sintirin suka fara ja da baya.

Likita a Birnin Kudu ya ciro harsashi guda daga jikin Manu, dogo, na bindigar bature. Ran Sufeto ya ɓaci. Bindigar Iliyasu ta toka ce, guntayen ƙarfe ake ɗura mata, ba ta kai taki ɗari. Amma shi talaka aka fara duka.

Sufeto ya sami Alhaji a rumfar gona.

"Kana da bindiga?"

"Da lasisinta, Yallaɓai. Birai nake kora."

"Ka harba jiya?"

"Sau ɗaya. Biri ne a kan suri, taki hamsin. Madubin bindigata ba ya kuskure."

"To ina gawar birin?"

Alhaji ya hau gyaran hula.

Sufeto ya karɓi bindigar, ya jujjuya ta. Ƙarfen da madubin hangen nesa ke zaune a kansa ba a miƙe yake ba, baya ya fi gaba tudu. Maɓallin saiti kuwa an murɗa shi ƙasa har ya cije.

Ya kai ta wurin Barnabas, tsohon soja mai gyaran bindiga a Gwaram.

"Ni na ɗaura masa madubin," in ji Barnabas. "Mazauni mai gangare ne, don harbin nesa. Yana ɗaga bakin bindiga sama. Na ce masa, Alhaji, madubin nan saitinsa gajere ne, ba zai sauko ya biya wannan gangaren ba. Ka auna abu kusa, harsashi ta samansa zai bi. Ya ce shi ya saya ko ni?"

Suka koma gonar da kofur ɗinsa, Iliyasu na nan a ɗaure har yanzu. Sufeto ya sa aka kori kowa daga tudun, aka ɗora buhu a kan surin.

"Bismilla, Alhaji. Madubinka ba ya kuskure."

Alhaji ya auna ya harba. Ko gezau buhun bai yi ba. Ƙasa ta tashi can kan tudu, kusa da inda Manu ya faɗi.

Alhaji ya zauna daɓas. "Tsautsayi ne, wallahi. Na ji ihunsa, tsoro ya kama ni."

"Ka ji ihunsa, ka bar shi yana zubar da jini, ka tafi nuna Iliyasu? Wannan ma tsautsayi ne?"

"A rufa min asiri, Yallaɓai."

"Kofur, kwance Iliyasu. Kawo ankwa."

Iliyasu ya tofar da jini, ya tsaya yana kallo har aka tura Alhaji bayan mota.