Abin da Ke Cikin Tumbin Tsoho

Saura kwana uku ɗalibai su dawo daga dogon hutu, shugabar makarantarmu ta koyon zane a Samarkand ta aiko mini cewa kafaɗar Tsoho ta tsage, in je in ɗaure. Sunana Mavluda. Shekara ashirin da shida ina gyaran gumakan filasta da yara ke kallo suna zanawa. Saboda zafin rana na bari sai dab da magariba.

Gumakan guda goma sha ɗaya ne a ɗakin ƙasa. Girkawa suka fara ƙera su da tagulla, Rumawa suka kwaikwaya da dutse, namu kuma daga na Rumawan aka zuba, aka kawo su a jirgin ƙasa tun ba a haife ni ba. Duk cikinsu fanko ne. Wanda muke kira Tsoho gunkin wani mashayi ne mai sanƙo da ƙaton tumbi, baki buɗe yana dariya.

Maigadi, Ergash-aka, ya buɗe mini ƙofar. Wari ya tarbe mu. Tsami ne irin na ƙullun da aka manta a kwano, a ƙarƙashinsa kuma ƙarnin mahauta.

Na toshe hanci da ɗankwali. "Ɓera ne ya mutu?"

"Wane ɓera, ƙanwata? Wata biyu ban ga ko kashinsa ba. Magena ma ta ɓace, ita da ko korarta ka yi ba ta tafiya."

"Ta gaji da rowarka ne."

Bai yi dariya ba. Ya tsaya a bakin ƙofa riƙe da tocila.

Akwai wata kafa a bayan Tsoho, daidai shigar hannu. Yaranmu da tsakiyar gurasa suke goge gawayi idan sun yi kuskure, kuma a wajenmu ba mai jefa gurasa a shara. Sai su dunƙule wadda ta yi baƙi su tura ta kafar nan. Malamansu ma haka suka yi suna yara. Ban taɓa tambayar kaina me ya sa cikin bai cika ba.

Ta nan zan kamo wayar da ke riƙe da kafaɗar. Na naɗe hannun riga, na yi bisimilla, na zura hannun dama har hammata.

Na zaci busasshen gari zan taɓa.

Ɗumi na ji. Da danshi.

Yatsuna suka nutse cikin wani abu mai yauƙi, da gashi a jiki. Na laluba sama ina neman wayar.

Sai aka lashi tafin hannuna.

A hankali. Harshe mai faɗi, mai kaushi. Ya bi tsakanin yatsuna ɗaya bayan ɗaya, kamar mai suɗe kwano.

Na ja. Hannu ya ƙi fitowa.

"Ergash-aka," na ce da raɗa. "Matso."

Ya matso, ya haska gaban gunkin.

"Ƙanwata... tumbin yana numfashi."

Kumatuna na manne da bayan gunkin. Filastar ta jiƙe da gumi mai maiƙo. Daga ciki na ji gurnanin hanji, irin na wanda ya daɗe bai ci ba. Aka fara tsotson yatsuna. Miyau mai ɗumi ya gangaro ta gwiwar hannuna, ya shiga rigata.

Na fara Ayatul Kursiyyu.

Wani abu mai tauri ya taɓa wuyan hannuna, sama da ƙasa. Yana auna wurin cizo.

"Ba shi wani abu," na ce. "Ko mene ne."

Ergash-aka ya lalubi aljihu. Ragowar gurasar shayinsa ce, rabi. Ya zagaya gaba, ya kawar da kai, ya cusa ta a bakin Tsoho. Ni na sha wanke bakin nan da burushi, na san a toshe yake.

Gurasar ta wuce.

Aka sake ni.

Na faɗi ta baya. Hannuna ya fito baƙi ƙirin, yauƙi na bin sa kamar igiya, farcena biyu babu. Muka hau matakala da rarrafe. A bayanmu ana tauna, caɓal, caɓal. A tsakar gida na durƙusa bakin kwata na yi ta amai har na ga kore, ladan yana kiran sallah.

Washegari maza huɗu suka zo fitar da Tsoho, abin da a da mutum biyu ke ɗauka. A kan matakala ya suɓuce musu ya fashe. Baƙin ƙullu ya malalo, da gashi curi-curi, da ƙananan ƙasusuwa, da 'yar ƙararrawar wuyan magen Ergash-aka. Ba a ga mai harshen ba. Aka kwashe da shebur aka binne a bayan gari.

Na wanke hannun nan da sabulu, da toka, da ruwan tsami. Likita ya ce lafiyarsa ƙalau. Amma ran Alhamis, da muka kewaye faranti ɗaya na shinkafa da karas kamar kullum, na miƙa hannu, sai jikata Zebo ta janye nata.

"Kaka, hannunki yana warin bakin wani."

Uwarta ta buge mata baki. Na ce ta ƙyale ta, ni ma ina ji. Na tashi na ɗauko cokali, na zuba nawa a kwano daban. Shekara huɗu ke nan ban kai hannun dama bakina ba.